Daminar da Soja Ya Tada Motar Bafaranshe

Bana hatsi ya yi wuya a Jibiya tun damina ba ta raba tsakiya ba. Shekaranjiya ina zaune a inuwar ɗaki sai iska ta kawo mini warin tafasa daga gidan maƙwabta. Akwai tafasar marmari, wadda ake yi wa ƙuli da albasa da ɗan mai, akwai kuma wadda ake cika tukunya da ita don babu abin da zai biyo bayanta. Hancina ya san bambancin. Jikokina na ta kukan tsada, ga babura na wucewa da buhuna ta ƙofar gida tun safe har yamma, ga manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka. Su tsada suka sani. Ni na ga shekarar da za ka zaga kasuwar nan kaf ba ka ga ƙwayar gero a faifai ba.

'Yan shekaru ne kafin Turawa su bar ƙasar. Ina da ƙuruciyata a lokacin, ina goyon ɗana na fari. Ba na faɗin sunansa, amma surukata, wadda muke kira Iya, Angona take ce masa. Maigidana kuwa duk gari Soja ake kiransa, don ya yi yaƙin Boma yana tuƙa wa Turawa mota. Da ya dawo babu motar da zai tuƙa, sai ya koma gonar ubansa ta hanyar Gangara. Mutum ne marar magana. Yakan zauna ya zuba wa hannuwansa ido kamar na aro ne.

Abin da ya kawo yunwar ba fari ba ne, ruwa ne. Daminar da ta gabata sama ta buɗe ta ƙi rufewa. Gero ya yi tsawo ya yi kyau a ido, sai ya kwanta cikin laka, wanda ya tsaya kuma ya yi baƙi a kan kara. Ɗakuna suka yi ta zubewa. Da kaka ta zo, abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Muka ci da dabara har sanyi ya wuce. Da zafi ya kama, Iya ta daina aikena rumbu, ita take shiga da kanta ta fito da zangarniya a ɓoye cikin zane, don kada in ga ƙasan rumbun hankalina ya tashi nono ya ɗauke. Tuwon rana ya fara tafiya, sannan furar safe ta koma ruwa-ruwa, sai dusa ta shiga tukunya. Mata suka riƙa fita daji neman anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya sauka.

A wannan bazarar ce Soja ya ce zai tada motar Bafaranshe.

Duk wanda ya tashi a Jibiya a zamanin ya san motar. Ta wani Bature ce mai sayen fatu a Maradi. Lokacin yaƙi da aka rufe iyaka ta mace masa a gindin wata tsamiya kusa da gulbi, ya bar ta ya haye da ƙafa, bai sake dawowa ba. Doguwa ce, baƙa, ba ta da rufin ƙarfe, sai na tamfol da ake ɗagawa a ninke baya. Sama da shekara goma tana nan. Tamfol ɗin ya zama tsumma, tayoyin sun nutse a yashi, kaji na ƙwai a kujerar baya, awaki na hawa kanta su ci ganyen tsamiya.

Soja ya je ya roƙi mai gari, aka ce ya ɗauka, dama ta tare wa mata hanyar gulbi. Abokinsa Tanko maƙeri ya samo bijimai biyu, aka jawo ta tana kuka kamar za ta rabe, aka shigar da ita kangon da ke jikin gidanmu.

Iya ta fito ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Wannan kuma mi ne ne?"

"Mota ce, Iya."

"Na ga mota ce. Cinta za mu yi?"

Ya ce ana kawo garin rogo daga kudu a sauke a Katsina. Mai jaki sai ya kwana a hanya, ya kwana a can, ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Mota kuwa da safe ta tafi da yamma ta dawo. In ta tashi, 'yan kasuwa za su ba shi dako, a biya shi da gari.

"In ta tashi," in ji Iya. Ta juya ta shige.

Ya fara da fitar da abin da shekaru suka tara. Gidan ɓera a cikin inji, sheƙar zanzaro a ko'ina, har da saɓar maciji a ƙarƙashin kujera. Ya shimfiɗa tabarma ya riƙa kwance ƙarafa yana jera su bi da bi, yana wanke kowanne da kananzir. Zafin shekarar ba ya faɗuwa. Ƙarfen motar in rana ta take ba ya taɓuwa, shi kuwa yana kwance a ƙarƙashinta, ba abin da ke cikinsa sai ruwan kunu. Ni ke ɗebo ruwa daga gulbi, sai an tona yashi sannan a samu. Soja ya koya mini sunayen ƙarafan, wannan lagireto ne, inda ruwa ke zama, wannan fulogi, wannan kafireto. Lagireton duk ya huje, Tanko ya yi ta like shi da dalma, a zuba ruwa ya tsiyaye ta wani wuri, a sake.

Zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin maigidana da rai irin na kwanakin nan ba. Har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa, da wani yaren da ban sani ba. Wannan ya sa na kasa tsayawa bayan Iya sosai, ko da yake cikina na bayanta.

Abin da ya fasa gidan shi ne jaki. Wata safiya na fito ban ga jakinmu a turke ba. Da hantsi sai ga Soja da Tanko suna gangaro tsofaffin tayoyi, da batir a kan wani ɗan dako. Ya ba wani direban babbar mota mai zuwa Maradi jakin, ya karɓi waɗannan.

Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Jakin nan shi ne ƙafar gidan ga. Ka yanke ƙafa ka sayo wa gawa takalmi."

"Iya, ki yi mini haƙuri kaɗan."

"Ni na yi. Je ka gaya wa Angona shi yi."

Daga ranar ta daina yi masa magana sai gaisuwa.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka da irin da Iya ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka. Soja ya yi shukar da mu, ya fara noman farko, amma rabin yini yake yi ya dawo kango. Ciyawa ba ta jira. Ni da Iya muka ɗauki hauya, ina goye da yaro, in na sunkuya sai ƙasa ta yi mini duhu in dafa gwiwa har ta washe. Gayya ta mutu a shekarar, don ba mai abin ciyar da 'yan gayya. Kowa na gonarsa shi kaɗai, kana hango mutum ya yi kunya ɗaya ya zauna. Da yamma mu tsinko tafasa da rama da yaɗiya a bakin gona, a dafa, a barbaɗa gishiri in akwai. Ciki ya cika, amma kafin ka kwanta ya zama kamar ba ka ci ba. Ga sauro, ga ɗanshi, ga warin rigar da ba ta bushewa.

Babbar rigarsa ta soja da takalmansa suka tafi wajen sayen fetur. Ni na tace fetur ɗin da kallabina. Gwadon aurena, mai kauri, shi ya ɗinke ya shafe da man kaɗanya ya yi wa motar sabon rufi. Bai tambaye ni da ƙarfi ba, cewa ya yi, "Hurera, ruwa zai jiƙa gari." Na ɗauko na ba shi.

Ranar da ta tashi, da la'asar ne bayan an ɗauke ruwa. Tun azahar suke juya ƙarfen tayarwa a gabanta, shi ya gaji Tanko ya karɓa. Ta yi tari ta yi shiru. Ta sake. Can sai ta ɗauka da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe kangon, kajin maƙwabta suka watse, yaro ya tsala kuka a bayana. Unguwa ta cika ƙofar gida. Soja ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Iya tana tsakar gida tana tsince tafasa, ba ta ɗaga kai ba.

Dakon farko na wani mai fatu ne. Suka tula fatu har suka fi kujera tsawo, Soja da Tanko suka kama hanyar Katsina da sassafe. Muka yini muna kasa kunne. Har Iya na gan ta tana leƙa zaure.

Sai gab da magariba muka ji ƙararta. Tanko ne ya fara shigowa da buhu a kafaɗa, ya sauke shi a gaban Iya. Buhun ya kwanta, abin da ke ciki bai kai rabi ba. Soja na biye da shi, rungume da wani abu a cikin tsumma.

Tanko ne ya ba da labari, don Soja ya kasa. An ba su buhu cike. Amma tun a tafiya nauyin fatu ya karya ƙarfen da ke ɗaga rufin, sai suka dawo da mota a buɗe, buhu zaune a kujerar baya kowa na gani. A hanya aka yi ruwa. A zamanin in an yi ruwa sai a sa shinge a tsare motoci har hanya ta sha iska. A bakin shingen suka tarar da mutane zube a gindin itatuwa, mutanen ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransa ke mulka, sun baro garuruwansu suna gangarawa kudu neman abinci.

"Iya, wallahi ba wanda ya taɓa buhun," in ji Tanko. "Zuwa suka yi suka kewaye mu suka tsaya. Ba roƙo, ba magana. Na ce masa kada ya duba, ya dubi gaba. Sai na ga ya fita ya kwance bakin buhu, ya cire hularsa yana awo da ita. Ina ja yana zubawa. Da ba a ɗaga shingen ba, da buhun ma bai zo ba."

Sun kusa shigowa gari suka ji kuka a bayansu. A cikin ninkin gwadon nan nawa, bayan kujera, wani ya cusa jaririya. Suka juya suka koma shingen. Mutanen sun watse, waɗanda suka rage suka ce ba su ga komai ba.

Iya ta daɗe tana duban buhun. Sannan ta miƙa hannu, Soja ya ba ta. Ta buɗe tsumman. Yarinya ce, ba ta fi wata huɗu ba, duk haƙarƙari a waje, da tsage a kumatunta irin na mutanen arewa da mu, da 'yar laya a ƙugu. Kukan ma ba ya fita sosai.

Iya ta miƙo mini ita.

Na ce, "Iya, nonon bai ishi ɗaya ba."

"Na sani."

"To in na ba ta, shi fa?"

"Ke 'yar nan, ba ta. In mun bar ta ba ta kai safe."

Na karɓa. Ta kama da ƙarfin da ban zata ba, har cikin bayana na ji. Ɗana na zaune a tabarma yana kallonmu.

Aka kai magana wurin mai gari, aka yi shela a kasuwa, ba wanda ya zo. Iya ta sa mata Baƙuwa. Daga nan duk abin da aka dafa, Iya sai ta rage nata ta tura mini, ta ce ba don ni ba ne. Motar ta ci gaba da zuwa Katsina in an sami fetur, wani zuwan ta dawo da gari, wani zuwan ta kwana a hanya da faci. Tanko ya gyara ƙarfen rufin, ba su sake ɗauko gari a buɗe ba. Garin rogon nan shi ya riƙe mu, da mu da gidan Tanko da maƙwabta biyu. Ba mu saba da shi ba, mu jiƙa shi da ruwa, ya kumbura a ciki, ya bar mutum da jiri. Gonarmu kuwa rabinta ciyawa ta cinye.

Gero ya fara fitar da kai, har yara sun fara leƙen tumu, sai zawo ya kama ɗana. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu. Soja ya ce a sa shi a mota a kai shi asibitin Katsina, sai aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta rufe. Kafin ta buɗe ya cika, da hantsi, a cinyar Iya.

Ban ce nonon da aka raba ne ba. Yara da yawa sun tafi a daminar, har na gidajen da ba a raba musu komai ba. Amma na san Soja ya yi wannan lissafin a ransa, don da aka dawo daga maƙabarta ya ɗauko zana ya lulluɓe motar, bai sake shiga kangon ba. Ni kuwa da na shiga ɗaki na tarar da Baƙuwa na kuka, ƙirjina ya cika ya yi tauri. Na ɗauke ta. Ban san wadda ta riƙe wata ba a cikinmu.

Kaka ta zo, aka ci sabon gero. Baƙuwa ta yi kumatu, ta fara zama, ta fara rarrafe, in na fita ɗebo ruwa sai ta bi ni da kuka har zaure.

Wata ranar kasuwa ina sheƙe gero sai aka yi sallama. Mace ce doguwa, ramammiya, ƙafafunta duk faso, da 'yar ƙwarya a kai. Ta durƙusa ta gaida Iya.

"Nan ne gidan mai mota marar rufi?"

Ban bari ta ƙarasa ba na gane. Tsagen da ke kumatunta shi ne a kumatun yarinyar da ke bayana.

Iya ta ce, "Mi ke tafe da ke?"

"Ɗiyata, Inna. In tana da rai."

Iya ta tambaye ta abin da ke jikin yarinyar ranar da aka tsince ta. Ta faɗi layar, ta faɗi launin zaren, ta faɗi wani ɗan baƙin tabo a bayan kunne wanda ni kaɗai na zaci na sani. Ta ce mijinta ya rasu a hanya kafin su kai shingen, nononta ya ƙafe, yarinyar ta kwana biyu ba ta sami komai ba. Ta yi daminar tana daka a gidajen mutane can kudu da Katsina. Da ta sami ƙarfin tafiya ta riƙa tambaya gari gari, kowa kuwa ya san motar, don babu irinta.

"Na ga mutum na rabon abin da bai ishe shi ba," in ji ta. "Na ce gidan da wanga ya fito ba a bari ta mutu."

Ta sauke ƙwaryar, gero ne a ciki, ta tura gabana. Sai ta dubi tsakar gidan ta ce, "Ke ba ki da naki?"

Ta duba fuskar Iya, ta duba tawa, sai ta kifa kai a ƙasa ta yi ta kuka.

Na ce yarinyar ba ta isa yaye ba. Ta ce ƙanwarta na goyo a gida, za ta shayar da ita. Na dubi Iya ko za ta ce wani abu. Iya ta ce, "Hurera, uwarta ce." Ranar ce ta fara kiran sunana.

Matar ta yi 'yan kwanaki a wurinmu don yarinyar ta saba da ita. Ba ta saba ba. In ta ɗauke ta sai ta banƙare tana miƙo mini hannu. Ranar tafiya Soja ya yaye zanar, ya share kujeru, ya juya ƙarfe, motar ta tashi kamar jiya aka kashe ta. Ya ce ba za su tafi da ƙafa ba. Na ce zan raka su. Tun da aka tada motar ban taɓa shigarta ba sai ranar.

Muka wuce kwastan, muka wuce 'yan duwan, wato kwastan na Faransa, suka leƙa suka ga mata biyu da goyo suka ɗaga mana hannu. Hanyar duk ƙaiƙayi da ƙamshin sabon kara, ana ta ɗaurin dami a gonaki. Baƙuwa na cinyata, iska na kaɗa mata gashi tana dariya, tana kama mayafina. Na ba ta nono sau biyu ba don ta nema ba.

Ƙauyensu na bayan Ɗan Isa, 'yan bukkoki ne, rabinsu babu kowa. Mutane suka fito suna salati. Na sauka na kwance layar da muka ƙara mata na gyara ɗaurin, na gaya wa uwar ba ta son kunu da zafi, kuma sai an shafa mata baya take barci. Ta ce sunanta na yanka Rakiya, amma Baƙuwa za su riƙa ce mata. Na miƙa ta. Ta riƙe wuyan rigata, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Na shiga mota na zauna. Tana ta tsala kuka, irin wanda ba ta da ƙarfin yi ranar da ta zo. Soja ya tada inji ya tsaya yana dubana, ko zan sake sauka.

Na ce, "Malam, ba ta wuta."

Ya ba ta. Ƙarar ta rufe komai. Ban waiwaya ba har muka hango Jibiya. Gaban rigata ya jiƙe sharkaf, iska na busar da shi yana sake jiƙewa.

Da muka iso Iya ta riga ta dafa mini jiƙon da ke ƙafar da nono, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina. Na sha. Washegari akwai sussuka, na ɗauki taɓarya na fita.